Kafin a Buɗe Cikin Kare, Me Jini ke Faɗa?

 

Akwai wata tambaya da duk likitan dabbobi a garin Jos ya saba ji, a asibitin dabbobi na Polo yake aiki, ko a Bukuru, ko can Vom. Mutum zai shigo a gigice, ya sauke kare daga bayan mota ko daga cikin keke, ciki a kumbure, numfashi sama-sama, ya dubi likita ya ce, "Likita, zai tashi kuwa?" Tambayar gajera ce, amma tana goye da wata wadda ba kowa ke iya furtawa ba: in na zuba kuɗin tiyata da na ƙarin ruwa da na magani, da kare zan koma gida ko da mushe?

A da, likita sai ya duba ido, ya ɗaga leɓe ya ga dasashi, ya taɓa ciki, ya saurari bugun zuciya, ya ba da amsa gwargwadon abin da shekarun aiki suka koya masa. Har gobe haka ake farawa. Amma tun ƙarshen shekarun 1990 likitocin dabbobi suka ƙara wani abu a kan wannan, wato auna wasu sinadarai a cikin jinin karen, su ga ko za su nuna wanda ke da alamar tashi da wanda ciwon ya riga ya yi wa nisa. Abin yana aiki, kuma ina goyon bayansa. Inda nake da magana shi ne yadda ake karanta shi. Ana yawan riƙe lambar farko da na'ura ta nuna a yanke shawara a kanta, alhali lamba ta biyu, wadda ake aunawa bayan an fara jinya, ita ce ta fi faɗin gaskiya.

Na san akwai mai sauraron da zai ce, a wannan marra da mutane ke fama da kuɗin asibitin kansu, wa ke ta kare? Bai yi ƙarya ba. Sai dai a Filato kare dukiya ne. Sanyin garin nan, da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ya sa manyan karnukan waje masu yawan gashi suna jin daɗin zama a nan fiye da Kano ko Sakkwato, shi ya sa matasa da yawa a Rayfield da Bukuru da Rantiya suka mai da kiwon Alseshan da Rotwaila da Bowabul da Kokeshiyan sana'a, suna sayar da 'yan kwikwiyo har Abuja da Legas. Wani da wannan yake biyan kuɗin makaranta. Ga magidancin da ya ajiye kare don gadi, a garin da ba sai an gaya wa kowa muhimmancin gadi ba. Ga makiyayi, ga mafarauci, ga kuma kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke, wadda ta yi suna a faɗin ƙasar nan wajen cinikin karnuka. Ko a wajen waɗanda ba sa barin kare ya shiga ɗaki, malamai sun halatta ajiye shi don gadi da kiwo da farauta, wanda kuwa ya ajiye dabba, haƙƙin jinyarta yana wuyansa.

Sannan in akwai garin da bai kamata wannan ilimi ya zama baƙo ba, to Jos ne. Tun 1924 aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom, bayan an ɗauko aikin daga Zariya, da farko don yaƙi da ciwon bushiya na shanu, wanda sai a 2011 aka ba da sanarwar an kawar da shi daga duniya. A Vom ɗin ake yin allurar rigakafin haukan kare. A nan kuma akwai kwalejin tarayya da ke horar da masu aikin ɗakin gwaji, da wata mai horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi, ga Jami'ar Jos da tsangayarta ta likitancin dabbobi. Masu iya gwada jini ba su yi mana ƙaranci ba.

Mu fara da ciwon da ya fi kowanne gaggawa, wato murɗewar tumbi. Ya fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji, irin waɗanda aka fi kiwo a nan. Tumbin kan cika da iska, sannan ya juya a kan kansa, kamar buhun da aka murɗe bakinsa ta sama da ƙasa, babu abin da zai fita ta baki, babu abin da zai wuce hanji. Iskar tana ta ƙaruwa, tumbin yana ta kumbura, har ya danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya daga bayan jiki. Shi kansa bangon tumbin jini ya daina isa gare shi, sai ya fara mutuwa. Wani lokaci har saifa takan bi shi ta murɗe. Abin da mai kare zai gani shi ne kare ya kasa zama ya kasa kwanciya, yana ta kakarin amai babu abin da ke fitowa sai kumfa, yawu na dalala, ciki ya yi tauri. Yawanci da daddare ne, bayan an ba shi abinci mai yawa a tashi ɗaya. Kare mai ƙoshin lafiya da yamma yana iya mutuwa kafin asuba.

Binciken da Lawrence Glickman da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Purdue ta Amurka, wanda aka buga a shekarar 2000, ya nuna cewa haɗarin yana ƙaruwa da shekaru, da saurin cin abinci, da kuma idan uwa ko uba ko ɗan'uwan karen ya taɓa yin ciwon. Wannan na ƙarshe ya kamata masu kiwo su riƙe shi, domin su ne ke zaɓen wanda zai yi barbara.

To ina jini ya shigo? Kowace tsoka da kowace gaɓa a jiki tana ƙona sukari da iskar oksijin da jini ke kawo mata. Idan jini ya daina isa yadda ya kamata, gaɓar ba ta tsayawa nan take, sai ta koma wata hanyar samun ƙarfi ta wucin gadi wadda ba ta buƙatar oksijin, wannan hanya kuwa tana barin wani sinadari da ake kira laktet. Lafiyayyen kare, laktet ɗinsa ba ya wuce 2.5 a ma'aunin milimol cikin kowace lita. In ya hau 6, ko 9, ko 12, to wani sashe na jiki ya daɗe yana shaƙewa. Da wannan sinadarin ne likitocin mutane ma ke auna tsananin halin wanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, ko wanda ya zubar da jini a haɗarin mota. Akwai 'yar na'ura ta hannu, girmanta bai wuce na gwajin suga ba, ɗigon jini ɗaya take buƙata, cikin minti ɗaya ta ba da amsa.

A 1999 wasu likitoci a Jami'ar Pennsylvania suka buga sakamakon duba fayilolin karnuka 102 da aka kawo da murɗewar tumbi. Cikin karnuka 70 da laktet ɗinsu bai kai 6 ba, 69 sun rayu. Cikin 31 da nasu ya haura 6, guda 18 ne suka rayu, wato kashi 58 cikin 100. Daga nan lambar 6 ta shiga littattafai, ta shiga bakin likitoci. Kuma daga nan ne gurguwar fahimta ta fara, domin wasu sun ɗauka cewa da zarar an ga 6 ko 7, magana ta ƙare. Ku sake jin lissafin: 18 cikin 31. Fiye da rabin waɗanda ake ganin sun yi nisa sun koma gida da ƙafafunsu. Abin da binciken ya tabbatar da ƙarfi shi ne ƙaramar lamba albishir ce. Babbar lamba kuwa gargaɗi ce, tana cewa a yi sauri, a kuma shirya wa ganin ruɓaɓɓen bangon tumbi in an buɗe.

Bayan shekara 11, a 2010, likitocin Jami'ar Tufts suka zo da abin da a ganina ya fi amfani. Sun duba karnuka 64, amma su sau biyu suka auna: da isowa, da kuma bayan an yi ƙarin ruwa an sace iskar tumbin, kafin a shiga tiyata. Sai suka ware waɗanda suka zo a mafi munin hali, masu laktet sama da 9. A cikin waɗannan, duk karen da lambarsa ta sauka da fiye da kashi 42.5 cikin 100 ya rayu, babu ko ɗaya da ya mutu. Waɗanda tasu ta ƙi sauka haka kuwa, kashi 15 cikin 100 ne kacal suka tsira. Karnuka biyu za su iya shigowa da lamba ɗaya, mu ce 10, amma bayan an ɗaura musu ruwa na ɗan lokaci ɗaya ya sauko 5, ɗayan yana nan a 9. Na farkon, jini ne bai isa ba, da aka buɗe masa hanya jiki ya karɓa. Na biyun, mai yiwuwa akwai naman da ya riga ya mutu a ciki yana ci gaba da zuba sinadarin. Wani binciken na 2011 a kan karnuka 84 ma bai sami wata alaƙa mai ƙarfi tsakanin lambar 6 ta farko da mutuwa ba, amma ya ga cewa saukar lambar da rabi cikin awa 12 alama ce mai kyau.

Amfanin wannan ga talaka a bayyane yake. Ƙarin ruwa da sace iska, ta bututu a baki ko ta allura a gefen ciki, kuɗinsu bai kama ƙafar na tiyata ba.  Saboda haka likita yana iya cewa, "Malam, bari mu ɗaura ruwa mu rage iskar, mu sake aunawa, sannan mu zauna mu yi shawara." Mai kare ya sayi amsa mai inganci da kuɗi kaɗan kafin ya ɗauki babban nauyi. Wannan ya fi a dube shi a ce, "Sai dai a gwada sa'a."

Akwai wani tarko kuma da masu binciken kansu suka sani. Idan likitoci suka yarda cewa kare mai babbar lamba ba zai tashi ba, za su riƙa ba masu shi shawarar a haƙura, a yi masa allurar hutu. Karen ya mutu, a rubuta a fayil cewa mai babbar lamba ya mutu. Shekara ta zagayo, a tara fayiloli, a ce ga shi nan, lambar ta faɗi gaskiya. Alhali ba ciwon ne ya kashe wasu daga cikinsu ba, shawarar ce. A wurinmu, inda aljihu ke yanke hukunci fiye da yadda yake yi a Amurka, wannan tarko ya fi zurfi.

Sai kuma wata matsala tamu ta gida. Jini ba ya mutuwa da an zuƙe shi. Jajayen ƙwayoyin da ke cikin kwalba suna ci gaba da cin sukari suna fitar da laktet. Idan aka ɗebi jini a Farin Gada, aka ba yaro ya shiga keke ya kai wani ɗakin gwaji a Bukuru, ya tarar babu wuta, aka jira a tada janareta, to abin da za a auna ba halin karen ba ne, halin kwalbar ne: laktet ya hau, sukari ya sauka. Likita ya ga takarda ya tsorata a banza. Haka ma karen da aka yi kokawa da shi kafin a samu jijiya, ko wanda ya yi farfaɗiya, lambarsa takan hau na ɗan lokaci, 'yan kwikwiyo kuma dama tasu ta ɗan fi ta manya. Gwajin laktet na gefen tebur ne, a ɗiba a auna nan take. Asibitin da ke karɓar manyan karnuka da daddare ya kamata ya mallaki na'urar, ya kuma riƙa duba ranar lalacewar 'yan takardun da ake ɗiga jinin a kai, domin su ne ke cin kuɗi, su ne kuma ke lalacewa a aljihun tebur.

Kada a ɗauka sai mai wannan na'ura ne zai ji abin da jini ke faɗa. Gwajin da ya fi kowanne araha, wanda kowane ɗalibin Vom ya iya, shi ne na yawan jini, wanda ma'aikata ke kira pi-si-bi. A ɗebi jini a siririn bututun gilashi, a juya shi a na'ura na minti biyar, jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa, ruwan ya tsaya sama. A lafiyayyen kare jajayen sukan kai kashi 37 zuwa 55 cikin 100. Ruwan saman kuma a auna furotin ɗinsa. Waɗannan biyu tare ake karanta su, ga dalili. Idan kare yana zubar da jini a cikin ciki, ko mota ce ta buge shi, ko ƙari ne ya fashe a saifa kamar yadda yakan faru ga tsofaffin Alseshan, ko kuwa ya ci maganin ɓera mai hana jini daskarewa, saifarsa takan matse ta turo ajiyar jajayen ƙwayoyi cikin jijiya. Sai pi-si-bi ya nuna lafiya lau a awannin farko, alhali ciki yana cika da jini. Furotin ne ke fara faɗuwa ya tona asiri. Wanda ya duba pi-si-bi kaɗai ya sallami kare, zai iya jin mummunan labari da safe. Nan ma, a sake aunawa bayan an ɗaura ruwa, lambar gaskiya za ta fito.

A nan ne kuma karen Jos ya bambanta da karen Pennsylvania, saboda kaska. A 2014 aka buga wani bincike da masana daga Najeriya da Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu suka yi a kan jinin karnuka 100 a nan Jos. An sami 72 ɗauke da aƙalla ƙwayar cuta ɗaya daga cikin waɗanda kaska ke yaɗawa, wadda ta fi yawa kuwa ita ce Babesiya rosi, mai fasa jajayen ƙwayoyin jini. Ma'ana, karen da aka kawo da matsalar ciki a garin nan, mai yiwuwa ne tun kafin wannan ciwon jininsa ya riga ya yi ƙasa, saifarsa ta kumbura, ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun ragu. Ƙarancin jini kaɗai yana iya ɗaga laktet, ko da tumbi lafiya yake. Likitocin Onderstepoort, can Afirka ta Kudu, sun nuna haka tun 2004 a kan karnuka masu zazzaɓin kaska, kuma abin da suka gani ya yi daidai da na Tufts: wanda lambarsa ta ƙi sauka bayan awa 24 na jinya shi ne ke cikin babban haɗari. Don haka a Jos, kafin a sa wuƙa, ya kamata a shafa ɗigon jini a gilashi a leƙa ta madubin likita. Aikin 'yan mintoci ne. Haka in za a yi wa kare ƙarin jini, a fara duba jinin wanda zai bayar, kada a je ceto a ƙara masa wata cutar.

Gwajin suga shi ma yana da wani amfani da ba kowa ya sani ba. Idan hanji ya huje, ko tumbi ya ɓule, ƙazanta takan zuba cikin ciki, ƙwayoyin cuta su yaɗu, ruwa ya taru. Tambayar likita a nan ita ce, wannan ruwan mai ƙwayoyin cuta ne da ke buƙatar a buɗe ciki yanzu-yanzu, ko kuwa na wani ciwo ne da magani zai iya? Ƙwayoyin cuta suna cin sukari. To sai a zuƙi ruwan cikin da allura, a auna sukarinsa, a auna na jini, a kwatanta. Wani bincike na 2003 ya nuna cewa idan na jini ya fi na ruwan ciki da fiye da 20 a ma'aunin miligiram, ruwan mai cuta ne. Karnuka 18 ne kawai a binciken, kuma 'yar na'urar gwajin suga ta kemis don jinin mutum aka yi ta, takan yi kuskure in jini ya tsinke da yawa, saboda haka a haɗa da duban ruwan a madubi.

Me ke huda cikin kare a garin nan? Ƙashi mai tsini, tsinken tsire, ƙoƙon masara da ya toshe hanji har ya ruɓe. Sai kuma wanda ya fi ba ni takaici, domin da hannunmu muke yinsa: maganin ciwon jiki na mutane. Kare ya yi ɗingishi, a aiki yaro kemis ya sayo ibufurofen ko diklofenak, a tura masa cikin nama, yau da gobe. Cikin kare ba ya jure waɗannan magunguna yadda namu ke yi. Sukan ci bangon tumbi su yi gyambo, gyambon ya ɓule, su kuma taɓa ƙoda. Ga karya kuma akwai taruwar mugunya a mahaifa, makonni kaɗan bayan lokacin barbararta ya wuce, musamman wadda aka yi wa allurar hana ɗaukar ciki. Za a ga ta daina cin abinci, tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ciki na girma, har wani ya yi murna ya ɗauka 'ya'ya ne.

Masu kiwo kuwa, babban abokin gabarsu shi ne fabo, ciwon amai da zawon jini na 'yan kwikwiyo, wanda ya ɓulla a duniya a 1978. Shi ba na tiyata ba ne, sai in hanji ya shige cikin ɗan'uwansa, abin da kan biyo bayan zawo mai tsanani. Cutar tana cin bangon hanji, tana kuma cin ɓargon da ke ƙera fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki. A 2008 likitocin Onderstepoort suka bi 'yan kwikwiyo 62 masu wannan ciwo suna ƙirga fararen ƙwayoyinsu kullum. Abin da suka gani shi ne, ƙirgar da aka yi awa 24 bayan kwantarwa ta fi ta ranar farko nuna makoma: wanda nasa suka kai 4,500 a kowace mikrolita a wannan lokaci, alamar tashi ce gare shi. Ga mai kwikwiyo shida da suka kwanta lokaci ɗaya, kuɗinsa kuma ba zai ɗauki jinyar duka a asibiti ba, wannan ƙirga za ta nuna masa wanda ya fi buƙatar a riƙe da wanda za a iya ƙarasa wa jinya a gida.

Duk wannan bayani, sai an kawo kare da sauran numfashi yake da amfani. Abin da ya fi kashe karnuka a irin wannan hali shi ne awannin da ake ɓatawa a gida. Da an ga kare yana kakari yana dalala, maganar farko ita ce, "An ba shi guba." Sai a fara zargin maƙwabci, a ɗauko manja, a ɗauko madara, a danne kare a yi masa ɗura. Tumbin da bakinsa ke murɗe, ina manjan zai shiga? Sai dai ya kauce ya faɗa huhu, a ƙara ciwo a kan ciwo. Kafin a gama wannan a ce bari gari ya waye, laktet ɗin da zai kasance 4 da ƙarfe goma na dare ya zama 11 da safe.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi da yatsa. In karen ya saba da kai, kuma an yi masa rigakafin hauka, ɗaga leɓensa ka duba dasashi. Na lafiya ja-ja ne mai haske, da danshi. Danna da yatsa, wurin zai yi fari, ka saki, kafin daƙiƙa 2 jan ya dawo. In ka ga dasashi fari fat, ko toka-toka, ko jan ya yi jinkirin dawowa, ga kuma ciki a kumbure, to ba na jiran safiya ba ne. Kare mai ciwo yana cizo, ko da mai shi ne, don haka a yi hattara. In an isa asibiti kuma a faɗi gaskiya: ƙarfe nawa abin ya fara, me ya ci, wane magani aka ba shi. Kunyar faɗin cewa an ba shi diklofenak ba ta kai ran karen ba. Mai kare yana da ikon tambaya, "Likita, nawa lambar ta nuna? Yaushe za a sake aunawa?" Likitan kirki zai ji daɗin tambayar. In kuma aka kai ga tiyatar murɗewar tumbi, a tabbata an ɗinke tumbin a jikin bangon ciki bayan an warware shi, domin in ba a yi ba, yawanci yakan sake murɗewa.

Magana ta ƙarshe ga likitocinmu da malaman Vom da na jami'a. Lambobin nan da na karanto, 6 da 9 da 42.5, daga karnukan wasu ƙasashe aka samo su, karnukan da ake kaiwa asibiti da wuri, waɗanda kaska ba ta sha jininsu ba. Karen gargajiya na makiyayi a Riyom, ko Bowabul ɗin da ya kwana da ciwo a Tudun Wada, wataƙila iyakarsa daban ce. Gano wannan ba ya buƙatar tallafin ƙasashen waje. Littafi ne da biro a kowane asibiti: irin kare da shekarunsa, awa nawa da fara ciwo, pi-si-bi da furotin, suga, laktet na farko da na biyu in akwai na'ura, abin da aka gani a madubi, abin da aka tarar da aka buɗe ciki. Sai shafi na ƙarshe, ya tashi ko bai tashi ba, in kuma bai tashi ba a rubuta a fili, ciwon ne ya kashe shi ko kuɗi ne suka gaza aka haƙura. Ɗaliban da ke yawon neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, ga aiki nan a Polo da Bukuru. Binciken Pennsylvania ɗin da duniya ke ambato har yau, daga tsofaffin fayilolin asibiti guda aka tattara shi, na shekarun 1995 zuwa 1998.